Mai Ɓoye Hannu

Shafi na 14

Daga alƙalamin Kaltum 'yar Mafoni

Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce ta daina gaishe ni sai na faɗi inda Yaya Habib yake. 'Yar'uwa, ba a jakata na ajiye shi ba. Ku gyara zama kawai.

*

Tun daga bakin get Sauda ta san yau sai an yi haƙuri. Mai gadi ya tsare wani saurayi yana jujjuya takobinsa, saurayin yana ta rantsuwa cewa da kwali ya yi shi. A ciki kuwa ɗakin taron GRA, inda ake bikin littattafan zane, ya cika ya batse. Masu sayar da littattafan zane sun jera tebura, samari da 'yammata sun yi shigar jaruman da suke so, wani da fukafukai, wata ta naɗa jar laffaya ta ɗora kambun takarda a ka tana tafiya da ƙyar.

"Yau dai Maiduguri ta haukace," in ji Kezia, tana dariya tana ɗaukar hoto.

"Ba kallo muka zo ba," Mikail ya ce. "Labari muka zo nema. Duk wadda ta ga littafin da zai yi gem ta kira ni."

Su uku ne kaf ma'aikatan situdiyonsu na haɗa gem, wato wasannin waya, in ka cire fankar da ke aiki ranar da ta ga dama. Mikail ne mai wurin, shi ke sa gem ya motsa a waya. Kezia ke haɗa sauti. Sauda ke zane. Gem ɗinsu na farko, na tseren keke, ya samu karɓuwa daidai gwargwado, shi ne yanzu Mikail ya ƙwallafa rai sai sun yi mai labari.

Kowa ya kama layinsa. Sai dai ita Sauda ba littafi take kallo ba, fuskoki take bi.

Wannan ɗabi'a ta kama ta tun tana sakandare, tun ranar da Baba ya tara zane-zanen yayanta Habib a tsakar gida ya ƙyasta musu ashana. Ya ce ba a gidansa za a riƙa zana mai rai ba, kuma wanda ya bar makaranta saboda zane ya je ya nemi wani uban. Habib ya ɗauki 'yar jakarsa ya fita, bai dawo ba. A shekarun nan kuwa, in saurayi ya ɓace a garin nan ba a tambayar ina ya je, sai dai a yi ƙasa da murya a ce ya shiga daji. Unguwar Hausari ta faɗa ta ƙara. Sauda ta yi faɗa da ƙawaye a kan haka, ta yi kuka, har ta girma. A gida sunansa ya zama abin da ba a kamawa. Ko Hajja, mahaifiyarsu, in Sauda ta ɗauko zancen sai ta ce a yi masa addu'a, ta tashi ta shige ɗaki. Har yau Baba ya ɗauka buga takardu Sauda take yi a kwamfuta, ita kuma ba ta taɓa gyara masa ba.

Abu ɗaya take so a duniya, ta san yana raye.

"Sauda! Zo ki ga wani abu."

Mikail ne, can teburin ƙarshe kusa da taga. Mutum biyu ne a teburin. Ɗaya a tsaye, baki har kunne, yana ta tallata littafi. Ɗayan a zaune, ya rufe fuskarsa ruf da kan kura na kwali, ya sunkuya yana zane.

"Wallahi wannan ya iya," Mikail ya ce yana miƙa mata littafin. "Labarin wata yarinya ce mai su a bakin tafki. Kalli idonta. Kalli ruwan. Amma akwai matsala."

"Wace matsala?"

"Yaya za a yi gem da jarumar da ba ta da hannu? A gem dole ta riƙe mashi, ta tuƙa kwalekwale, ta yi jifa."

"Kamar yaya ba ta da hannu?"

"Duba mana."

Ta buɗe.

Shafin farko yarinyar ta cusa hannayenta cikin mayafi. Na biyu ta goya su a baya. Ga wani tsoho, nasa suna cikin babbar riga. Ga mai kwalekwale, raga ta rufe nasa. Har wurin faɗa, inda dole a ga naushi, sai hayaƙi ya taso daidai wurin ya tare.

Kezia ta leƙo ta kafaɗarta. "Ko sanyi ake yi a garin nasu ne?"

Mikail ya yi dariya. Sauda ba ta yi ba. Ji ta yi hayaniyar ɗakin ta koma can nesa.

Yaya Habib ya iya zana komai. Ya iya fuska, ya iya doki a guje, ya iya tsohuwa tana hamma har kai ma ka yi. Amma in ya zo kan hannu sai abin ya fito kamar ɗanyar citta. Tun tana firamare ya gano ita Allah ya ba ta nan. Sai ya zana mutum har wuyan hannu ya tsaya, ya juyo takardar ta fuskance ta, ya ɗora fensir a kai, ya ƙwanƙwasa da yatsa sau biyu. Ba ya cewa komai. Ita ta san aikinta. Haka suka yi shekaru a zauren gidansu, suna kasa kunne ko za su ji takun Baba.

"Salo ne, 'yar'uwa," mai tallan ya ce da sauri, ganin ta daɗe tana kallo. "Salon Oga ne. A Jos ma masana sun yaba, sun ce akwai ma'ana mai zurfi a ciki. Ni sunana Dzarma, ni ne manajansa."

"Daga Jos kuka zo?"

"Jiya muka sauka."

"Shi ya sunansa?"

"Kura. Haka kowa ya san shi. Ba ya cire fuska a taro, ba ya magana. In kina son zane ki faɗa min, yanzun nan zai yi miki."

Sauda ta ja kujerar robar da ke gaban teburin ta zauna. Mai kan kurar bai ɗago ba, amma fensirinsa ya daina tafiya.

"Ina so," ta ce.

"Madalla! Fuskarki za a yi, ko ke da ƙawarki?"

"A'a."

Ta zaro hannunta daga cikin laffaya ta shimfiɗa shi a kan teburin, yatsun da sauran jan lalle.

"Wannan nake so."

Murmushin Dzarma ya ragu. "Ayya, 'yar'uwa, ki zaɓi wani abin. Oga ba ya..."

"Ba ya me?"

"Na ce miki salo ne."

"Mai zane ne ko ba mai zane ba ne?"

"Sauda," Mikail ya ce a hankali, "kar ki ɓata mana ciniki tun ba a fara ba."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Idonta na kan ramukan nan biyu na kwalin, inda ta san akwai idanu a ciki suna kallonta.

Can sai mai kan kurar ya jawo farar takarda.

Ya fara daga gefen laffayar. Ya fito da lanƙwasar yadin tamkar ka taɓa. Ya zana awarwaronta, har da inda ya ɗan lotsa. Ya gangaro wuyan hannu.

Ya tsaya.

 Ya ja wani ɗan layi, ya goge. Ya sake ja, ya sake gogewa. Dzarma ya fara share gumi yana kallon rufi.

Sai ga hannun mutumin ya yi abin da ya saba tun kafin mai shi ya yi shawara. Ya juyo takardar ta fuskance ta, ya ɗora fensirin a kai, ya ƙwanƙwasa sau biyu.

Daga nan ya ankara. Ya yi saurin janye hannun, amma ina, an gama.

"Yaya," ta ce.

Ya sunkuyar da kan kurar.

"Yaya Habib."

Kezia ta dafe ƙirji. Ita ta san labarin, don ba sau ɗaya ba ta tarar da Sauda a ofis tana bin hotunan mutanen da suka ɓace a waya. Ta kama rigar Mikail ta ja, ta yafito Dzarma.

"Ku zo mu sha ruwa."

"Amma teburin..."

"Malam Dzarma, na ce ka zo mu sha ruwa."

Suka bar su su biyu.

"Cire," Sauda ta ce.

"Sauda, akwai mutane."

Muryar ce. Ta ƙara kauri, ta ɗauko wani karin harshe na can, amma ita ce. Hawayen da take riƙewa suka zubo.

"Ka cire, ko in cire da kaina."

Ya kai hannu a hankali ya ɗage kwalin.

Ya rame. Ya tara gemu, har da 'yar furfura a gefe, shi da ya bar gida ko gashin baki bai gama fitowa ba. Amma ga tabon nan a girarsa, na ranar da ya faɗo daga dogon yaron ƙofar gida. Gumi ya jiƙa masa fuska sharkaf, ba ka iya raba shi da hawaye.

Ta so ta mare shi. Ta so ta rungume shi ta yi ihu har a taru. Abin da ta iya kawai shi ne ta damƙe hannun rigarsa ta riƙe gam, kamar ana shirin ƙwace mata shi.

"Kin girma," ya ce.

"Abin da za ka ce ke nan?"

"Ban san me zan ce ba."

"Kana raye."

"Ina raye."

"Kana raye kana cin abinci, kana barci, kana buga littafi da mutane marasa hannu."

Ya yi wata 'yar dariya da ta fi kama da kuka.

"Duk shekarun nan ba ka koya ba?"

"Ban nema ba. Dzarma ya kawo min masu yi har mutum nawa, na ce a'a." Ya kalli takardar da ke tsakaninsu. "Wurinki ne. In na zo nan sai in tsaya, in ji kamar yanzu za ki shigo da kayan makaranta ki ce in matsa."

Ta sunkuyar da kai. Kewar da ta yi shekaru tana dannewa ta taso mata gaba ɗaya. Amma fushin ma bai tafi ko'ina ba.

"Ka san abin da aka ce a kanka a Hausari?"

"Na sani."

"Ka san har sansanin 'yan gudun hijira na je ina duba fuskoki? Ka san asibiti nawa na shiga?"

"Na sani, Sauda."

"Ba ka sani ba! Da ka sani da ka kira. Lambata ce ba ka da ita? Ko saƙo ɗaya, ka ce ina nan ban mutu ba. Ko a bakin wani ka aiko."

"Na so."

"Ka so."

"Wallahi na so. Ranar da kika gama jami'a ban iya cin abinci ba don murna. Ranar da keke ya kayar da ku kika karye a yatsa, da aka ce min na hagu ne sai da na yi sujada."

Ta ɗago kai a hankali.

"Da aka ce maka?"

Ya kama tattara fensirorinsa.

"Wa ya ce maka?"

"Ki bar wannan maganar."

"Yatsana ko maƙwabta ba su san ya karye ba. Wa yake gaya maka?"

Ya kawar da kai yana kallon taga. Wasu yara masu fukafukai suka zo za su tsaya a teburin, suka ga yanayin, suka wuce sumsum.

"Yaya, in ba ka faɗa min ba, na rantse zan tashi a nan in kira sunanka da na Baba da ƙarfi, kowa ya ji."

"Hajja," ya ce.

Ta sake shi.

"Wace Hajja?"

"Hajjarmu."

"Ƙarya kake."

"Duk Juma'a, in Baba ya tafi masallaci. Akwai wata 'yar ƙaramar waya da take ajiyewa a cikin kwallar turarenta."

"Tun yaushe?"

"Tun watan da na tafi."

Sauda ta jingina da kujerar. Hajja. Hajjar da ta sha ganinta tana kuka a kan sallaya ta ce mata ta yi haƙuri. Hajjar da ta raka ta bakin ƙofa ranar da za ta sansanin nan, har ta ce Allah ya sa a dace. Ashe duk Juma'ar da aka aike ta sayen gawayi ko kai wa maƙwabta abinci, fitar da ita ake yi.

"Ta san ka zo gari?"

"Ita ta ce in zo. Ta ce idonta ya fara rauni, tana so ta gan ni tun tana gani. Anjima za ta ce wa Baba za ta barka a Mafoni, mu haɗu gidan wata ƙawarta. Ba ta san nan za ki zo ba. Ni ma ban sani ba. Da na hango ki kin shigo, saura kaɗan in shige ƙarƙashin tebur."

"Me na yi mata?"

"Ba ki yi komai ba."

"To me ya sa? Tana gani ina neman haukacewa. Me ya sa ba ta ce min ko da kalma ɗaya ba?"

"Na roƙe ta ta ba ki wayar. Na roƙa har na gaji. Akwai ranar da na ji muryarki daga tsakar gida kina tambayarta ina murfin tukunya, na ce Hajja don Allah ko gaisawa ce. Ta kashe."

"Me ya sa?"

"Ta ce ta san halinki. Ta ce ranar da kika san inda nake, jaka za ki ɗauka ki biyo ni, ko Baba ya yarda ko bai yarda ba." Ya kalli ƙasa. "Ta ce ɗaya ya fita tana kallo, ba za ta iya kallon ta biyu ba."

Sauda ta buɗe baki za ta ce ƙarya ne, ta kasa. Gaskiya ce. Da ta sani, ko kwana ba za ta ƙara a gidan ba. Wannan ne ya fi yi mata ciwo, ta rasa wanda za ta ɗora wa laifin ta huta.

Ta share fuska da gefen laffaya ta miƙe.

"Tashi."

"Ina za mu?"

"Gida."

"Sauda..."

"Ba gidan ƙawar kowa ba. Gidanmu. Ta ƙofar da ka fita ta nan za ka shiga, da rana, Hausari ta gan ka da ƙafafunka."

"Baba fa?"

"Baba ya tsufa. Ko kasuwa ba kullum yake fita ba."

"Ba wannan na tambaye ki ba. Ya taɓa kama sunana? Ko sau ɗaya?"

Ta kawar da kai.

"Kin gani," ya ce a hankali. "Kuma in ya ji Hajja ta yi shekaru tana magana da ni a bayan idonsa, kin san rantsuwar da ya yi ranar nan. Ya ce duk wanda ya neme ni, ya bi ni."

"Fushi ne ya sa shi."

"Kin taɓa ganin Baba ya janye magana?"

Kafin ta ba shi amsa wayarsa da ke gefen littattafan ta fara ruri. Su duka biyu suka kalle ta.

Hajja.

Ya kai hannu, ta riga shi.

"Sauda, don Allah kar ki..."

Ta danna, ta kara a kunne.

"Habibu na, wushe, sannunka!"

Sauda ta runtse ido. Muryar Hajja ce, amma wata iri, mai haske, da dariya a cikinta. Rabon da ta ji mahaifiyarta ta yi magana haka tun suna su biyu a zaure.

"Ka ci wani abu kuwa tun safe? Kar ka cika ciki fa, na yi maka burabisko, na sa man shanu yadda kake so, na ɓoye kular a bayan randa. Babanku ya fita, Sauda ma ta tafi aiki, yanzu zan saka laffaya in taho. Ka rufe fuskarka da kyau, kar wani ɗan unguwa ya gan ka. Habibu? Kana jina?"

Habib ya haɗa hannuwa yana roƙonta da ido.

"Hajja," in ji Sauda. "Ni ce."

Ɗif.

Ba a kashe ba. Tana jin numfashin Hajja yana fita da sauri. Sai ta ji wani abu ya faɗi a can ya yi ƙara, kamar murfin kwano a kan siminti.

Sannan wata murya ta taso daga bayan Hajja, kusa ƙwarai, muryar da ko a mafarki Sauda ba za ta kasa ganewa ba.

"Da wa kike magana?" in ji Baba. "Wane Habibun?"